Hangum Ɗin Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku! Ku amsa mana, ko barci kuke?

Ta zo mu ji ta!

Wata shekara ruwa ya cinye gero, ya cinye dawa, mutane suka koma tafasa da rama. A lokacin babu mai shinkafa sai Dorina, can a tsibirinta. Ga ta da rowar tsiya: in za ta ba ka, sai ta turara ta tukuna, don kada ka shuka ta fito.

Kurege kuwa yunwa ta kusa kai shi lahira. Da ya ji Dorina ta kira gayyar yanka, sai ya ɗauki lauje ya tafi. Ana yanka yana ci, ana bugu yana ci. Ciki ya cika, ido bai cika ba. Sai ya ɗura ɗanyar shinkafa shanshera a baki, wadda ba a turara ba, kumatun dama, kumatun hagu, har fuskarsa ta zama kamar tulu.

A bakin ruwa ga Kada, dogarin Dorina, yana binciken masu fita. Wanda aka kama da ƙwaya ɗaya, shi ne kalacinsa. Maza Kurege ya shafa toka a kumatu, ya taho yana nishi.

Kada ya ce, "Kai, buɗe baki!"

Kurege ya ce ta hanci, "Ranka ya daɗe, hangum ne. Matso ka leƙa."

"Hangum? Mai yaɗuwar nan?"

"Shi. Mai dogon baki kuwa, sai ya yi masa wata uku."

Kada ya ce, "A'uzubillahi! Tafi da abinka!" Ya make shi da wutsiya. Kurege ya tashi sama, ya ƙetare kogi, ya faɗo tim a wata fadama da kowa ya raina. Baki ya buɗe, shanshera ta watse cikin taɓo. Ya zauna ya yi ta kukan asara, wallahi har ya ba ni tausayi.

Bayan kwana bakwai sai ga tsiro shar cikin ruwan nan da ya kashe gero! Da shinkafar ta nuna, mutane suka girbe, suka ajiye iri. Ƙauye ya zama gari, gari ya yi kasuwa, fatake suka yi ta zuwa. Aka tuƙa tuwo, aka toya waina, mata suka rangaɗa guɗa.

Kurege ya hau turmi, ya gyara murya, ya ce, "Da ma haka na shirya!"

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera! In za ka yi haɗama, ka roƙi Allah ka faɗo a fadama.