Saiwar da Barira Ta Sha

Ku matso kusa, yau shari'a na kawo muku, don ni ta fi ƙarfina.

Wani malamin firamare ne, Tasi'u, matarsa Barira ta haifi ɗa namiji. Kwana uku da haihuwa, gwaggonta ta dafa mata saiwar da ake ba masu jego a garinsu don nono ya kawo. Idon tsohuwar ya yi rauni, ga ta da kafiya, ba ta yarda wani ya je mata tono ba. Kafin azahar Barira ta fara amai, jikinta ya yi sanyi ƙalau.

A asibiti likita ya riƙe hannunta ya daɗe bai saki ba. Ya ce, "Malam, zuciyarta tana ta rage gudu. In ban san abin da ta sha ba, ba zan yi mata allura da ka ba." Tasi'u ya tsaya da guntun saiwa a hannu. Tsoro ya cika shi har ya kasa kallon jaririn.

To, Barira tana da yayye uku maza, duk suna karatun babban digiri. Tasi'u ya saba yi musu tsiya, wai sun tsufa a makaranta, kullum ido a kwamfuta. Ran nan dai ya kira su yana kuka, suka taho asibitin a guje da kwamfutocinsu.

Babban, Lurwanu, ya karɓi saiwar da ganyenta da Tasi'u ya ɗebo daga kwandon gwaggo. Shi ɗan tonon tsofaffin littattafan tsirrai ne, waɗanda aka ɗauki hotonsu shafi-shafi aka ɗora a intanet, ba mai leƙa su sai irinsa. Ya dinga wuce shafuka yana gumi, har ya faɗa kan zanen tsirrai biyu masu kama da juna, ɗaya magani, ɗaya guba. Ya gwada ganyen, na gubar ne, ga kuma sunan da masana suke kiranta da shi. Ba don sunan nan ba, da ba a san ma abin da za a nema ba.

Na tsakiya, Sadisu, ya saka sunan a rumbun binciken likitoci. Takardu suka fito sama da dubu, Tasi'u ya ji kamar ya faɗi, don Barira ta daina amsa kira. Sadisu bai ɗago kai ba. Ya yi ta tacewa har saura guda, ita kuma a kulle take, ya buɗe ta da lambar laburaren makarantarsu. Wani likita ne a wata ƙasa mai nisa ya rubuta yadda ya ceci mutanen da suka ci wannan guba, da sunan allurar, da awonta. Aka duba, akwai ta a asibitin.

Ƙaramin, Nafi'u, mutum ne mai nawa. Malaminsa ya taɓa dawo masa da aiki har sau uku, tun daga nan ba ya yarda da takarda sai ya bi duk abin da aka rubuta a kanta daga baya. Likita ya zuƙi ruwan allura, Nafi'u na can yana danne-danne. Tasi'u ya daka masa tsawa, "Haba Nafi'u, ƙanwarka na mutuwa!" Sai Nafi'u ya miƙe zumbur, ya ce, "Likita, don Allah dakata!" Ashe bayan shekara biyu marubucin ya fitar da gyara: an yi kuskure wajen bugawa, awon ya ninka sau goma. Likita ya karanta, ya yi salati, ya zubar da ta hannunsa ya sake awo. Tasi'u ya zauna daɓas a ƙasa, don ya gane da tsawarsa ta yi aiki, da shi ya kashe matarsa.

Bayan la'asar Barira ta buɗe ido, ta tambayi ɗanta.

Ranar suna Tasi'u ya ce yaron zai ci sunan kawun da ya ceci uwarsa. Liman ya zauna, an raba goro, Tasi'u ya buɗe baki ya kasa furta ko ɗaya. Lurwanu ne ya gano gubar, Sadisu ya nemo maganin, Nafi'u ya hana maganin zama ajali.

To, ku da kuke saurare, sunan wa ya kamata a raɗa wa yaron nan?