Tasalla Uwar Ƙwai Tara

Ga ta nan, ga ta nanku, masu gyangyaɗi ku wartsake.

Ta zo mu ji ta, mun baza kunne.

A wani gari an yi wata tsohuwa, Tasalla. Taurin kai gare ta. In ta ce a'a, ko mai unguwa ya zo sai dai ya sha ruwa ya koma. Tana da kaza ɗaya, shazumama mai murɗaɗɗen gashi, irin da ta gada wurin mahaifiyarta, duk garin babu sauran irinta. Ran nan da azahar, kazar ta fara kwanci ke nan, sai Muzuru ya hauro katanga ya yi gaba da ita. Ya bar gashi da ƙwai tara.

Tasalla ta yi kuka har idonta ya kumbura, don abin da ya rage mata na uwarta ke nan. Sai ta share hawaye, ta sa ƙwan a ƙwarya, ta tafi wurin kajin unguwa. Ta ce, "Wa za ta kwanta mini a kan marayun nan?"

Zakara ya miƙe wuya ya ce, "Matana ba sa kwanci a kan ƙwan wata. Ki soya ki ci, Iya, ki huta."

Ta ce, "In soya? Riƙe matanka, Zakara. Ni zan ƙyanƙyashe su."

Kaji suka bushe da dariya.

Sai ta tafi wurin kafinta, ya ƙera mata akwati mai gilashi da sakata. Ta ajiye shi a ɗaki, ta sa fitilar kananzir a gefe saboda ɗumi, ta sa ruwa a ɗan kwano don kada ƙwan su bushe. Shekara da shekaru tana kallon kazarta tana juya ƙwai da baki, saboda haka ta ɗauki gawayi ta yi wa kowanne zane a gefe ɗaya, don ta san wanda ta juya. Safe, rana, yamma, sai ta kulle ƙofa ta juya su. Biki ta daina zuwa, suna ta daina zuwa. Mata suka ce, "Tasalla ta zama kaza."

Ta ce, "Na zama. Sai me?"

Shi kuwa Muzuru miyau ke tsinke masa, amma sakatar ta fi ƙarfin faratansa. Ran kwana bakwai sai ga shi da carbi a wuya. Ya ce, "Salamu alaikum, Iya. Na tuba, yanzu ganye nake ci. Ƙwan nan sun yi datti, fito da su mu wanke a bakin rijiya."

Ta ce, "Gashin kazar da ke gemunka fa, na zogale ne? Kazata ba ta taɓa wanke ƙwai ba. Ɓace mini."

Ran kwana goma sha huɗu ya dawo. Ya ce, "Iya, hayaƙi zai kashe su. Shanya su a rana, ni zan yi miki gadi."

Ta ce, "Kazata ba ta taɓa shanya ƙwai ba. Ɓace mini."

Da ya rage kwana uku sai ta daina juyawa, ta daina buɗewa, don haka kazar take yi, ko hatsi ba ya tashe ta a kwanakin nan. Ran kwana ashirin da ɗaya da hantsi, sai aka ji, tsiyau, tsiyau! Ƙwai ɗaya ya yi ɗan huji. Mata da kaji suka cika ƙofar ɗakin. Hantsi ya wuce, azahar ta yi, hujin bai ƙaru ba, kukan kuma yana raguwa.

Sai Muzuru ya ratso yana matse hawaye. Ya ce, "Iya, ba ki da tausayi? Ɗan nan mutuwa yake. Zare sakatar ki ɓare masa ɓawon!"

Mata suka ce, "Wallahi yau kam ya faɗi gaskiya."

Hankalin Tasalla ya tashi, tsoro ya kama ta. Ta kai hannu kan sakata. Sai ta tuna kazarta ba ta taɓa fasa wa ɗa ɓawo ba, kiransa kawai take yi har ya fito da ƙarfinsa. Ta janye hannu. Tsohuwa da furfurarta ta durƙusa, ta kai baki jikin gilashi, ta ce, "Ƙur-ƙur-ƙur!"

Aka yi ta dariya har da faɗuwa. Ta ƙara murya, "Ƙur-ƙur-ƙur!" Ta sake, "Ƙur-ƙur-ƙur!" Sai ƙwan suka amsa gaba ɗaya. Na farko ya tsage, na biyu ya tsage. Kafin la'asar bakwai sun fito, jiƙaƙƙu, suna tangaɗi. Biyu ba su fito ba, ta yi musu kuka ta binne su a gindin magarya. Dariya kuwa tuni ta ɗauke.

Washegari gashinsu ya bushe, ta fito da su tsakar gida. Muzuru ya yar da carbi ya yi tsalle. Tasalla ta baza mayafi kamar fukafukai ta rufe su, ta ɗauki muciya ta sauke masa a tsakar ka. Tun daga ranar in ya hango mace da muciya sai ya canza hanya.

Sai ga Zakara yana taku ɗai-ɗai. Ya ce wa 'yan tsakin, "To yara, ku taho cikin danginku."

Suka leƙo ta ƙarƙashin mayafi suka ce, "Da muna cikin ɓawo, muryar wa muka ji? Uwarmu ga ta nan."

Shi ya sa nake gaya muku, abin da kuka san kansa, kada dariyar mutane ta sa ku sake shi. Wanda kuma ya cinye muku kaza, in ya dawo da tausayi, ku fara duba gemunsa.

Ƙurunƙus! Ta ƙare, kowa ya je ya rufe akurkinsa.