Ƙarar da Aka Kai Ɗahiru Mai Tsaron Gida

An ce wai a wata kwalejin horar da malamai an yi wani shugaba ana ce masa Malam Mamuda, dattijo ne masanin nahawu, wanda bai taɓa sa ƙafarsa a kan ƙwallo ba tun da aka haife shi. Kwalejin nan kuwa tana da ƙungiyar ƙwallon ƙafa wadda ta daɗe ba ta san daɗin nasara ba. Kakar wasan da ta wuce ma su ne na ƙarshe a gasar kwalejoji, har ta kai 'yan wasan ba su iya ratsa kasuwa da rigar ƙungiya, don masu shayi da 'yan acaɓa sai sun bi su da ihu.

Da sabuwar kaka ta gabato, sai hukumar gasa ta aiko cewa duk ƙungiyar da ta sake zama ta ƙarshe, za a cire ta. Hankalin 'yan wasa ya tashi. Suka taru suka yi shawara, suka ɗunguma ofishin shugaba, kyaftin ɗinsu Nafi'u yana gaba, kocinsu Malam Jibo yana biye, kansa a sunkuye.

Nafi'u ya gaida shugaba ya ce, "Ranka ya daɗe, mun gano ciwonmu. Mai tsaron gidanmu Ɗahiru shi ne ya kashe mu. Hannunsa rariya ce, ko yaron firamare ya buga masa sai ta shiga. Mun yanke shawara, ko shi ko mu. In yana cikin raga bana, ba wanda zai sa takalmi a cikinmu."

Malam Mamuda ya sa aka kira Ɗahiru. Dogon saurayi ne marar yawan magana, yana shekararsa ta ƙarshe a makaranta. Kowa a wurin ya san abin da korar za ta jawo masa, domin ɗakin kwanan da yake ciki na 'yan ƙungiya ne, kuma garinsu da nisa, ba shi da kowa a nan. Da aka maimaita masa ƙarar, sai ya tsaya yana duban abokansa ɗaya bayan ɗaya, bakinsa a buɗe. Da ƙyar ya ce, "Nafi'u, har da kai?"

Shugaba ya juya ga koci ya ce, "Malam Jibo, me ka gani?"

Koci ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da yaran nan suka gani, ni ma shi na gani." Ya san in ba a ɗora laifin a kan yaron ba, kansa za a waiwayo.

Malam Mamuda ya sunkuyar da kai yana auna maganar. In ya kori Ɗahiru, mai yiwuwa ya zalunci wanda bai yi laifi ba. In ya bar shi, sauran za su ƙi wasa, ƙungiyar ta mutu tun ba a hura usur ba. Shi kuma bai san ƙwallo ba balle ya ce ga mai gaskiya. Can ya ɗaga kai ya ce, "Samari, ni ƙwallo ban san ta ba, amma na san magana. Kun ce ko yaron firamare zai ci shi. Dukanku kun tsaya a kan haka?"

Suka amsa baki ɗaya, "Mun tsaya."

Ya ce, "To, gobe da la'asar mu haɗu a fili."

Kafin la'asar labari ya gama makaranta. Ɗalibai suka cika bakin fili, har masu sayar da gyaɗa da rake suka baro ƙofar makaranta suka shigo kallo. Aka kawo wa shugaba kujera ya zauna a inuwar darbejiya. Ya sa Ɗahiru ya shiga raga, ya sa aka ajiye ƙwallo a bakin layin yadi sha takwas daga raga, sannan ya ɗaga murya.

Ya ce, "Ga hukuncina. Kowane mai ƙara zai buga sau uku. In mafi yawanku suka ci, Ɗahiru ya bar ƙungiya yau. Amma duk wanda ya buga uku bai ci ko ɗaya ba, to da bakinsa ya shaida bai kai yaron firamare ba, kuma kwalejin nan ba za ta tura irinsa gasa ba. Shi ma ya ajiye riga yau."

'Yan wasa suka shiga kallon juna. Malam Jibo ya dafe kai. Nafi'u dai ya yi ƙarfin hali ya ce shi zai fara. Ya ja da baya ya sheƙo, ya narka ta gefen dama, Ɗahiru ya yi tsalle ya cafe. Ya sake bugawa ƙasa-ƙasa, Ɗahiru ya kwanta ya ture. Ta uku ya zuba mata duk ƙarfinsa, ta tashi sama ta wuce raga ta faɗa gonar makaranta.

Malam Mamuda ya ce, "Kyaftin, cire rigar."

Aka ɗauki salati a bakin fili. Nafi'u ya tsaya kamar an dasa shi, sai da shugaba ya maimaita, sannan ya tuɓe rigar. Aka kira na biyu, wani ɗan gaba mai suna Badamasi. Ya zo gaban ƙwallo ya tsaya, ya dubi Ɗahiru, ya dubi Nafi'u da ke tsaye da singileti. Sai ya juyo ya durƙusa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba adalci ba ne. Wa zai ci Ɗahiru daga nan? Duk gasar nan babu golan da ya kai shi."

Wani daga baya ya ce, "Wallahi haka ne. Ranar da aka ci mu biyu, ba don shi ba da takwas za a zuba mana." Wani ya ce ai har hannunsa ya taɓa gocewa bai fita ba. Nan da nan waɗanda suka kawo ƙara jiya suka koma suna rige-rigen yabonsa, kowa na tsoron a kira sunansa. Ɗalibai suka saki baki suna kallo. Shi kansa Ɗahiru ya jingina da ƙarfen raga, ya kasa gaskata kunnensa.

Shugaba ya bar su sai da suka gaji, sannan ya ce, "Jiya kun ba da shaida, yau kun ba da wata. Ta jiya kun ba da ita don ku tsira daga dariyar gari, ta yau don ku tsira da rigunanku. Amma ta yau ce idona ya gani. Kun zaɓi Ɗahiru ne don shi kaɗai ne kuskurensa ke bayyana a raga, kuma kun san ba zai yi musu ba. Kai kuma Malam Jibo, yaran nan suna da uzurin ƙuruciya, kai ba ka da shi." Koci ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Ɗahiru ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, a mayar wa Nafi'u rigarsa. Ni na yafe."

Malam Mamuda ya ce, "Yafiyarka taka ce, hukuncina nawa ne. Ɗahiru na nan a ragarsa. Nafi'u kuwa ba zai sa rigar nan ba sai ranar da ya ci ka daga wannan layi. Kullum da la'asar yana da bugu uku. In kuma na ji ka sakar masa don tausayi, ku biyun za ku tafi. Sauran da ba su buga ba, su ma bugunsu na jiransu."

Haka aka yi. Kullum da yamma sai Nafi'u ya zo ya buga ukunsa ya koma ba riga. Da ya ga abin ba na wasa ba ne, sai ya fara fitowa da sassafe yana auna bangon ɗakin karatu da ƙwallo, sauran ma suka bi shi don tsoron ranar da za a kira su. Malam Jibo, da kunya ta ishe shi, ya dawo yana tsayawa a kansu da gaske. Ana gab da buɗe gasa Nafi'u ya murɗa wata ta shige ta kusurwar sama. Ɗahiru ya tashi daga ƙasa yana kakkaɓe jiki, ya je da kansa ya ɗauko rigar ya miƙa masa.

Ba su ɗauki kofi a shekarar ba. Wasan farko ma an ci su. Amma a na biyu suka zura uku, mutanen gari suka yi ta tambayar juna ko an sauya 'yan wasan ne. Suka ƙare kaka a tsakiyar jeri, ba a cire su ba, Ɗahiru kuma ya gama karatunsa a ɗakinsa.

Daga wannan ne masu hankali suka ce, in jama'a suka haɗu a kan mutum guda suka ce shi ne gazawarsu, kada mai hukunci ya ƙirga bakunansu. Ya sa kowannensu ya ɗauki nauyin maganarsa shi kaɗai, a nan zai ji abin da suka sani tun farko.