Injin Maitama a Motar Marayu

Assalamu alaikum jikokina na wannan shafi. Ramatu ce ta fara ba ni labarin ga, wata mai saida daddawa daga Shinkafi, ranar da munka haɗu kan benci a asibitin Ƙaura muna jiran a duba mana hawan jini. A gidansu abin ya faru, tana budurwa. Yadda ta faɗa mini haka zan faɗa muku.

Akwai wani dattijo a Ƙaura Namoda ana ce mishi Maitama. Direba ne, yana da tsohuwar fijo akori-kura, irin mai buɗaɗɗen baya da ake loda wa hatsi da awaki. Da ita yake zagaya kasuwanni, yau Zurmi, gobe Kasuwar Daji, jibi Shinkafi.

Matarsa Asiya ta daɗe da rasuwa, kuma Allah bai bar musu ɗa a raye ba. Daga shi sai motar. In ya dawo da yamma ya kan zauna bisa tabarma gefen tayarta, yana goge fitila yana ba ta labarin hanya. Maƙwabta suna jin shi.

Da anka ba mu jiha, duk mai hannu ya kwashe kayanshi ya koma Gusau, can inda sabbin motocin gwamnati suke. Masu saida kayan gyara ma sunka bi. Bakanike ɗaya ya rage wanda ya san cikin irin motar Maitama, sunanshi Alhassan, mutum mai baki kamar reza.

Shekarar da anka kafa Shari'a, ana tsakiyar damina, giyar motar ta watse a hawan wani tudu kusa da Banga. Shanun noma sunka jawo ta gida. Alhassan ya buɗe ya duba, ya share hannu da tsumma.

"Baba, wagga giya ta riga mu gidan gaskiya. Ka kira 'yan gwangwan su auna ta su ba ka na goro."

"Uwarka za a auna," in ji Maitama. "Nemo mini wata."

"Ina? Ko wanda ya ƙera ta ya manta kamanninta."

An nema Gusau, babu. An aika Kano da Kaduna, direbobi sunka dawo hannu banza. Ga kaka na matsowa, kuma mai akori-kura da kaka yake cin shekara. In hatsi ya gama fita daga ƙauyuka motarka na kwance, to kai ma ka kwanta.

Irin motar guda ɗaya ta rage a duk yankin, ta Musa ta Shinkafi. Musa abokin Maitama ne tun suna ƙuruciya a tasha, ba su haɗuwa sai sun zagi motocin juna. Shi ne mahaifin Ramatu. Ya rasu farkon daminar nan, ya bar motar ƙofar gida, injinta ya buga amma giyarta lafiya lau.

Ranar kasuwar Shinkafi Maitama ya hau motar haya, ya matsu a baya kamar kowane fasinja, Alhassan na gefenshi da jakar sifanu.

Zulai, matar marigayin, tana cikin takaba, ga tsohon ciki. Ba ta fito ba. Ta tsaya bayan labulen zaure, shi yana daga waje.

"Malam Maitama, lahiya ka zo da bakanike?"

Ya faɗa mata abin da ya kawo shi, ya ce a yi mata kuɗi ya biya.

"Wane irin biya tsakaninka da Musa? Ka ɗauka. Da yana raye zagin ka zai yi, sannan ya kwance ta da hannunshi ya ba ka."

Limamin unguwa yana zaune bisa dakali, ya ji komai. Ya yi gyaran murya.

"Zulai, ba taki ba ce da za ki bayar. Ba a raba gadon ga ba, kuma ba a rabawa sai kin sauka, don abin da ke cikinki yana da rabonshi. Kafin nan ba a bayarwa, ba a saidawa. Ko noti guda haƙƙin marayu ne."

Maitama ya yi lissafi a ranshi. Kafin ta haihu a yi suna a zauna rabo, an gama kai gero rumbu.

Liman ya tashi zuwa azahar, titi ya yi tsit. Alhassan ya matso ya rage murya.

"Baba, ji nan. Matacciyar giyarka na gareji. Mu cire wagga mu sa waccan. Motar da ba ta da inji, wa zai san giyarta ta mutu? Matar gidan ma ta ce ka ɗauka."

"Kai ba ka jin abin da ake yi ma masu dogon hannu yanzu?"

"Wa zai kai ƙara? Ɗan cikin?"

Ba zan ɓoye muku ba, Maitama ya karɓi sifana. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar abokinshi, ya ɗora sifanar bisa notin farko. Mutum ne, kuma motarshi kaɗai ta rage mishi a duniya.

Yana kwance nan sai ya ji an fara daka a cikin gidan. Ku yaran yanzu ba ku san wannan ba, amma turmi yana faɗin asirin gida. In hatsi ya cika shi, ƙarar a dushe take fita. In ɗan kaɗan ne, taɓarya itace take bugu, ƙwas, ƙwas. Abin da Maitama ya ji ke nan. Gida mai yara cike da tsakar gida, ana daka abin da bai rufe gindin turmi ba.

Ya janye sifanar daga notin. Sannan ya fito, ya kakkaɓe riga, ya miƙa wa Alhassan sifanarshi.

"Notin ya ƙi?"

"Ni na ƙi."

Ya koma Ƙaura. Sati ya zagayo bai je tasha ba, bai je majalisa ba, daga masallaci sai gindin motar. Motarshi tana da inji ba giya, jikinta duk tsatsa. Ta marayun tana da giya da jiki mai ƙwari, ba inji. Ko makaho ya shafa ya san mota ɗaya ce za ta fita cikin biyun nan. Abin da ya hana shi cin abinci shi ne ya riga ya san wacece.

Ya koma Shinkafi wajen liman.

"Malam, ka ce ba a cire komai daga kayan marayu. Sakawa hwa?"

Liman ya dube shi. "Mi za ka saka?"

"Injina."

"Babu mai hana ka. Amma ka ji da kyau, Maitama. In ka saka ya zama nasu. Ranar rabo ba ka da ko ƙusa a ciki. In sunka ga dama su saida ta gaban idonka, ba ka da bakin magana."

"Na ji."

"Kai kuma ka ci mi?"

"In tuƙa musu ita da kaka, su ba ni ladan direba. In sun so."

Alhassan da ya ji sai da ya zauna ƙasa. "An aike ka ɗaukar giya, ka dawo za ka ba da inji! Baba, ko dai a kai ka a duba ka?"

"Kawo sarƙa mu ɗaga, surutu ya isa."

Da safe kafin su fara, Maitama ya ɗebo ruwa ya wanke motar tas, har ƙarƙashin kujera. Ya tada ta, ya bar injin yana ta ƙugi shi kuma yana zaune riƙe da sitiyari, ba inda za su. Da ya kashe, ya fito ya juya baya. Alhassan ya sa sifana ya kwance injin.

An ɗora injin bayan wata babbar mota zuwa Shinkafi. Ramatu ta ce ranar da motar babansu ta tashi, uwarsu tana bayan labule ta toshe baki da mayafi don kada a ji kukanta. Ƙannenta kuwa sunka bi motar da gudu har bakin kasuwa.

Kakar nan Maitama bai huta ba. Zurmi, Kurya Madaro, Banga, duk inda anka tara buhuna yana nan. Manoma da yawa da hatsi suke biyan lodi, shi kuma ya sauke a zauren Musa, ya ɗebi ɗan nashi ya tafi. A shagon ƙofar gidan yake shimfiɗa tabarma. Wani lokaci in ya bi ta Ƙaura ya kan tsaya ƙofar gidanshi, ya dubi gangar jikin motarshi bisa duwatsu, kaji sun fara ƙwai a ciki. Ba ya daɗewa.

Zulai ta sauka lafiya, ta samu mace. Bayan suna anka zauna rabo a zaure. Ƙanen marigayin, Gwadabe, shi ne waliyyin yaran, ya zo daga Gusau da shawararshi a shirye.

"Motar ga tunda ta tashi ta yi daraja. A saida ta tun ba ta sake kwanciya ba, a sai babura a ba 'yan kabu-kabu. Wa ke da lokacin tsohuwar fijo?"

Ba mugu ba ne, gaskiyarshi ya faɗa. Maitama yana zaune can bakin ƙofa inda ake ajiye takalma. Liman ya dube shi, shi kuma ya sunkuyar da kai. An riga an faɗa mishi ba ya da baki. Ya ciro makulli daga aljihu ya ajiye bisa tabarma.

Sai muryar Zulai daga bayan labule.

"Malam, ni ina da rabo cikin gadon ga ko babu?"

"Kina da tumuninki, kashi ɗaya cikin takwas."

"To ban son gona, ban son tumaki. A auna mini shi cikin motar. In bai kai ba ga 'yan kunnena da tasoshina, a cika wa yara."

Gwadabe ya ce, "Yaya Zulai, gona za ki bari ki ɗauki ƙarfe? Gobe in ta lalace hwa?"

"In ta lalace mun san wanda ba ya barin ta kwance. Ramatu, ɗauki makullin can ki mai da ma babanki Maitama. Ba mai karɓar shi hannunshi sai ran da ya ce idonshi ba ya ganin hanya."

Ramatu ta ce da ta durƙusa ta miƙa mishi, makullin ya faɗi sai da ta sake ɗauka. Ya karɓa. Ya tashi ya fita waje, ya buɗe gaban motar ya sa kai ciki kamar mai duba mai, ya daɗe a haka.

Na san wasunku za su ce ya aure ta. Bai aure ta ba, ku bar wannan tunanin. Baba sunka kira shi, Baba ya zauna. Shi ya kai Ramatu ɗakin miji cikin motar nan, shi ya yi mata faɗan da uba ke yi a ƙofar gida. Da ciwon ajali ya zo mishi bayan shekaru, ba a Ƙaura ya kwanta shi kaɗai ba. Ɗiyan Musa ne sunka yi jinyarshi, su sunka ɗauki makararshi.

Darasi: Abin maraya ba ya zama naka don kana cikin matsi, ko don babu mai gani. In ka tsaya gaban kayan wanda ya fi ka rauni, kada ka tambayi mi za ka iya ɗauka, tambayi mi za ka iya ƙarawa. Wanda ya yi haka Allah ba ya barin shi shi kaɗai. Ku tura wa 'yan uwa, musamman waɗanda ke riƙe da gadon da ba a raba ba.

Ni dai washegarin ranar da na ji labarin ga, na sa mayafi na tafi gidan marigayi mai facin unguwarmu, inda tun sadakar bakwai ƙafa ta ɗauke. Na iske matar zaune ita kaɗai tana tsintar shinkafa. Na jawo kujera na karɓi rabin tiren, ban tashi ba sai da anka kira azahar.