Tambayoyi Arba'in da Aka Yi wa Joris

Akwai wani maƙwabcinmu a nan bayan garin Aalst, sunansa Joris Dewulf. Bari in faɗa tun da wuri, ba mugu ba ne. Da mugu ne da ban ɓata lokacina na rubuto muku labarinsa ba.

Joris makaniken motocin bas ne, shekararsa arba'in da bakwai, kuma ɗan tseren tattabaru ne kamar ubansa da kakansa. Tattabaru sittin da huɗu gare shi a filin da ke bayan gidansa. Ka nuna masa kowacce, zai faɗa maka lambar zoben ƙafarta, da uwarta, da ubanta, da ranar da ta dawo daga Faransa cikin ruwan sama. Na taɓa yin gangancin gaishe shi ta kan shinge, sai da na yi minti arba'in a tsaye ina jin tarihin wani namijin tattabara mai farin wuya.

Matarsa Nelida 'yar ƙasar Peru ce. Ta zo ziyarar wata uku wurin wata 'yar uwarta da ke aure a nan, suka haɗu a wani biki, ya gani ya ce yana so. Ya bi ta har garinsu Arequipa aka yi aure, ya taho da ita. Hukuma ta ba ta katin zama na wucin gadi, wanda kacokan a kan auren ya rataya. In an yarda auren gaskiya ne, ta zauna. In ba a yarda ba, ta koma inda ta fito.

Ita kuwa ba wasa ta zo yi ba. Ta ajiye aikinta na kantin magani, ta bar uwarta tsohuwa, ta shiga ajin koyon yaren ƙasar nan, ta samu aiki a gidan kula da tsofaffi. Ta koyi soya masa dankali sau biyu yadda yake so. Ta san ranar da hawan jininsa ke tashi tun kafin shi ya sani.

Akwai kuma abin da take ɗauke da shi wanda ba ta cika faɗa ba. Kafin ta san Joris ta taɓa haihuwar 'ya mace, Zulema, ta rasu tana da shekara uku. Hoton yarinyar yana bisa wata kanta a falo, da ɗan kyandir a gabansa.

Wata Lahadi, wata huɗu da zuwanta, ta yi ta maza ta je ta same shi a wurin tattabarunsa. Ranar tsere ce. An saki tattabaru daga Faransa tun safe, yana tsaye da gwangwanin masara a hannu, idonsa a sama. Ta tsaya a gefensa ta faɗa masa komai, tun daga ranar da ciwon ya fara har ranar da aka binne yarinyar.

Ya ce, "Ayya, Neli. Sannu, kin ji?"

Bai rufe baki ba sai ga wani ɗigo a sararin sama. Ya hau kaɗa gwangwani yana fito. Tattabararsa ta zo ta biyu a gari ranar, ya yi kwana uku yana ba da labari. Nelida ta ɗauka ya ji, nauyin maganar ne ya hana shi sake tayar da ita. Har daɗi ta ji, ta ce mijinta mai kawaici ne.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni sai ga wasiƙa. Za a binciki auren, tunda ba su daɗe da sanin juna ba suka yi shi, ga tazarar shekaru goma sha huɗu a tsakaninsu. 'Yan sanda biyu suka zo gidan, suka duba ɗaki da banɗaki, suka ga buroshin haƙori biyu, suka sa musu ranar zuwa ofis a yi wa kowa tambayoyi shi kaɗai.

Nelida ta tsorata. Ta ce, "Joris, don Allah mu zauna ko awa ɗaya ce. In tambaye ka, ka tambaye ni. Matar da muke aiki tare ta ce har launin zanen gado suna tambaya."

Ya yi dariya. "Maƙaryata ne ke yin bita, Neli. Mu me za mu haddace? Gado ɗaya muke kwana. Su zo su tambaye ni, ni ɗan ƙasar nan ne, kakana ma a bayan cocin can yake kwance."

"Kai ba za a kore ka ba. Ni za a kora."

"Ba mai korar matata. Miƙo min gishiri."

Ranar Asabar a shagon shan giya inda 'yan tsere ke haɗuwa su zuba tattabaru a kwanduna a kai su inda za a sake su, wani dattijo abokin ubansa mai suna Staf ya ja shi gefe.

"Yaro, na ji an kira ku. Ka shirya?"

"Haba Baba Staf, kai ma?"

"To, ya sunan surukarka?"

Joris ya sosa ƙeya. "Mama muke ce mata."

Staf ya ajiye kofinsa. "Ka san kakar kowace tsuntsuwa a ɗakin nan, ba ka san sunan matar da ta haifa maka mata ba? Jaki kawai. Tafi gida ka zauna da ita."

Mutane suka kwashe da dariya, Joris ma ya taya su. Bai tafi gida ba sai da aka loda kwando na ƙarshe a mota.

Ranar ta zo. Aka shiga da Nelida tukuna. Wata 'yar sanda mai tabarau ta jero mata tambayoyi arba'in, ba ta faɗi ko ɗaya ba. Lambar takalminsa, sunan maganinsa, tabon da ke gwiwarsa da yadda ya same shi, ranar rasuwar babansa. Har sunayen tattabarunsa biyar ta kawo ba a tambaye ta ba, don tsoro ya sa bakinta ya ƙi tsayawa.

Sai aka kira Joris. Ya shiga yana taku ɗai-ɗai, ya zauna ya harɗe ƙafa.

"Mista Dewulf, yaushe aka haifi matarka?"

"A watan Yuni. Sha biyu... ko sha tara. Wajen nan dai."

"'Yan uwanta nawa?"

"Uku."

"Wane aiki take yi a Peru?"

"Asibiti ne ko makamancin haka. Farar riga dai take sawa."

"Me take ci da safe?"

"Ranki ya daɗe, ƙarfe shida ina wurin tsuntsaye. Ina zan sani?"

'Yar sandar ba ta ɗago kai ba, rubutu kawai take yi.

"Matarka ta taɓa haihuwa?"

"A'a."

"Hoton yarinyar da muka gani a falonku, wace ce?"

"'Yar yayarta ce, ina ji. Ta rasu. Ita dai tana son kunna kyandir, kin san mutanensu."

Aka karanta masa amsoshinsa, ya sa hannu. Ya fito ya dafa kafaɗar Nelida a baranda ya ce, "Kin gani? Ko minti ashirin ban yi ba. Mu je in saya miki kofi."

Wata biyu bayan nan hukunci ya fito. Ba a yarda da auren ba, kuma Nelida ta bar ƙasar cikin kwana talatin. Dalilin da aka rubuta shi ya fi ci mini rai. An ce matar ta san mijin sanin wanda ya zauna ya yi hadda, mijin kuwa bai san matar ba sam, alamar ba zaman aure suke yi ba. Wato kulawar da ta yi masa ta shekara da watanni, ita aka juya ta zama shaida a kanta.

Joris ya yi ta bambami, ya zagi gwamnati, ya zagi 'yan sanda, ya ce sai ya kai magana jarida. Suka tafi wurin lauya, wata dattijuwa da ta saba da irin wannan shari'a. Ta saurare shi har ya gaji.

Ta ce, "Ka gama? To, za mu ɗaukaka ƙara, kuma ina sa ran mu ci. Ga maƙwabta, ga wurin aikinta, ga hotunan biki. Amma sai ku biyun kun sa hannu kafin Juma'a mai zuwa. Ga kwafin abin da kowannenku ya faɗa, ku je ku karanta."

A cikin mota Nelida ta buɗe takardun. Ta karanta nata ta wuce. Ta fara nasa. Da ta zo ranar haihuwarta har ɗan murmushi ta yi, irin na wanda ya saba. Da ta zo shafi na bakwai sai ta tsaya. Ta sa yatsa a kan layin, ta sake bi a hankali, don ko yaren ne ya ruɗe ta.

"Joris, tsaya da motar nan."

"Me ya faru?"

"'Yar yayata?"

Ya kalle ta, ya kalli takardar. A kan nata amsoshin, tambaya iri ɗaya, an rubuta: Eh, 'ya ɗaya, Zulema, ta rasu. Ya tuna wata Lahadi, ya tuna tana tsaye a gefensa tana magana ƙasa-ƙasa, ya tuna tattabararsa ta zo ta biyu. Abin da ta faɗa ne kawai ya kasa tunawa.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi masa faɗa ba. Ta sauka daga motar ta ƙarasa gida a ƙafa.

Ni na ga Joris a kwanakin nan, kuma na tausaya masa. Ya ɗauki hutu a wurin aiki. Ya bar wa Staf tattabarun, tseren makon ma bai shiga ba, abin da bai taɓa yi ba ko a makon da aka binne ubansa. Ya zauna a benci a bayan gidansu da takardun matarsa yana bita kamar ɗan makaranta, leɓɓansa na motsi.

Ranar Alhamis da rana ya same ta a kicin. Ya ajiye takardar ɗaukaka ƙara a tebur, ya riga ya sa nasa hannun, ya ɗora biro a kai.

"Neli, saurara. An haife ki ranar ashirin da ɗaya ga Yuni. Sunan Mama Eusebia. Ku shida ne, ke ce ta huɗu. Kin yi shekara tara a kantin magani. Da safe kina shan shayin ganye da burodi ba man shanu. Zulema... An haifi Zulema ranar uku ga Maris. 'Yarki ce. Su sake kirana, ko tambaya ɗari ce zan amsa."

Ta goge hannunta da tsumma, ta ja kujera ta zauna.

"Ka yi ƙoƙari, Joris. To, saura ɗaya. Me ya kashe ta?"

Idonsa ya sauka kan takardun da ke hannunsa. Ya buɗe shafi, ya buɗe wani. 'Yar sandar ba ta yi wannan tambayar ba, don haka babu amsar a ciki.

"Na faɗa maka," in ji ta. "Duka na faɗa maka. Har kalar rigar da aka binne ta da ita."

"Sake faɗa min, Neli. Na roƙe ki. Yanzu ina ji."

"Ba zan iya ba. Maganar nan sau ɗaya bakina ya iya ɗaukarta, ko Mama ban taɓa zama na ba ta labarin ranar ba. Kai na zaɓa na ba wa."

"To ki sa hannu kawai. Sauran mu gyara a hankali. Lauya ta ce za mu ci."

"Za mu ci, na sani. In tsaya gaban alƙali in rantse cewa ƙarya suka rubuta?" Ta tura masa biron. "Kwana uku ina karanta takardar nan ina neman inda suka yi mana ƙarya. A kaina sun yi kuskure, ban zo don kati ba. Amma da suka ce mijin bai san matar ba, nuna min inda suka yi kuskure."



Juma'a ta zo ta wuce. Lauya ta buga waya sau uku. Staf ya zo da kansa ya roƙe ta, ta ba shi kofi, ta saurare shi da ladabi, ta raka shi ƙofa. Tsofaffin gidan da take aiki suka haɗa mata kati kowa ya rubuta sunansa, wata tsohuwa ta riƙe hannunta ta ƙi saki.

Ranar kwana na ashirin da takwas ta tafi. Joris ya ce zai kai ta filin jirgi, ta ce jirgin ƙasa ya ishe ta. Ya dai ɗaukar mata akwati har tasha. Ƙasar da ta koyi yarenta, ta wanke tsofaffinta, ta jure sanyinta, ta bar ta da akwati ɗaya da jakar hannu.

Ni ma ban san abin da ya kashe yarinyar ba, kuma ba hurumina ba ne. Joris ya rubuta mata wasiƙa ya tambaya, sau huɗu. Ta amsa ta farko, ta ce ta isa lafiya, Mama na gaishe shi. Sauran ukun ba ta amsa ba.

Darasi: Ciyarwa da tufatarwa da kwana ɗaki ɗaya ba su ne sanin mutum ba. In wanda ya bar ƙasarsa da danginsa dominka ya buɗe baki zai faɗa maka abin da ke cin ransa, ajiye abin da ke hannunka ka dube shi, don wata maganar ba a maimaita ta. Ku tura wa ma'auratan da kuka sani, musamman wanda kuka tabbata zai ce shi wannan bai shafe shi ba.