Kunyar Ɗan Fari a Ɗakin Allura

Akwai wani mai ba da magani, Malam Shitu, a ƙaramin asibitin En'e, wato hukumar gargajiya, na wani ƙauye da ke kan hanyar Dayi. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba a lokacin. Shi kaɗai ne a wurin. Shi ke dafa allura, shi ke wanke gyambo, shi ke share ɗaki. Idan damina ta yi nisa, kafin azahar idanunsa sun yi ja, muryarsa ta dushe.

Ran nan wata tsohuwa, Hajjo, ta shigo goye da jikanta Ɗanasabe. Matar ɗanta, Maijidda, na biye da ita, kai a sunkuye.

Yaron ɗan fari ne. Mu mata mun san abin da hakan ke nufi. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, in an tambaye ki lafiyarsa sai ki kau da kai.

"Inna, me ke damunsa?" in ji Malam Shitu.

"Tari ne ya sauka masa a ƙirji. Allura za ka danna masa. Kada ka ba ni ƙwayoyin nan naku, ban zo wasa ba."

Ya saurari ƙirjin yaron, sannan ya dubi uwar. "An taɓa yi masa allurar penisilin?"

Hajjo ta karɓe. "Ita kake tambaya? Me ta sani? An yi masa da bazara a Funtua, ya warke sarai."

A waje wani ya ɗaga murya: "Malam, rana fa tana yi, ciyawa na cin gonakinmu!"

Malam Shitu ya zuƙo maganin, fari kamar madara. Ya kwantar da yaron a tebur, ya goge masa wurin da auduga. Sai ya ga wani hannu ya fito daga ƙarƙashin mayafi ya kama ƙafar yaron, yana janta a hankali. Fuskar Maijidda na kallon bango, amma hannun bai saki ba.

Gajiya ta ce masa ya soka kawai a wuce wurin. Amma ya ajiye allurar.

"Inna, ki ɗan huta a inuwa, zan sake dafa allurar."

Da ta fita, ya juya wa Maijidda baya, ya shiga gyara wutar risho. "Ba ɗanki nake tambaya ba," ya ce. "Jikan Inna nake tambaya. Me kika gani?"

Muryarta ta fito, da ƙyar ake ji.

"Wancan karon, daga asibitin, Inna ta wuce biki Maska, ni na kamo hanyar gida da shi. Muna cikin mota leɓensa ya kumbura, idanunsa suka rufe. Jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu. Numfashinsa yana kuka kamar usur."

"Kin faɗa wa wani?"

"Wa zan faɗa wa? A ce na damu da shi?"

Malam Shitu ya nemi kujera ya zauna. "Jikinsa ba ya karɓar wannan allurar. Ta biyu tana iya kashe shi kafin a sauke shi daga teburin nan. Ki riƙe sunanta da kamanninta."

Ya ƙulla musu ƙwayar da za a riƙa daka masa, ya yi wa Hajjo bayani. Ko sauraronsa ba ta gama yi ba.

"Rowa ce! Ka ɓoye wa 'ya'yan ma'aikata, mu ka sallame mu da alli." Ta saɓa jikanta ta fita. Babu wanda ya ce masa sannu. Ya kira na gaba.

Washegari da la'asar Hajjo ta shigo gida da wani mai allura da ke yawon kasuwanni a keke. Mijin Maijidda na zaune yana gyara ƙotar fartanya. Mai allurar ya ciro kwalba ya girgiza. Fari kamar madara.

Maijidda da ke daka ta saki taɓarya. Ta zo ta ɗauke yaron daga cinyar surukarta.

"Inna, ki yi haƙuri, ba za a yi masa ba. Ɗana ne. Ni na riƙe shi ranar da numfashinsa ya kusa ɗaukewa."



"Ikon Allah!" in ji Hajjo. "Ɗanki? A gabana?"

Maijidda ta faɗi komai, tun daga motar Funtua. Tsohuwa ta dube ta.

"Me ya hana ki faɗa tuntuni?"

"Ba a tambaye ni ba, Inna."

Hajjo ta juya ga mai keke. "Kai, tattara kayanka."

Kafin kasuwa ta zagayo, tarin ya sauka.

Malam Shitu bai ji wannan labarin ba. Shi dai ya kafa zana a bakin ɗakin allura, ya ajiye benci a waje. Duk yaron da aka kawo, sai ya ji ta bakin uwarsa ita kaɗai. Layin ya ƙara tsawo, mita ta ƙaru, yana tashi aiki a makare.

Da kaka Hajjo ta rako Asma'u, matar ɗan maƙwabciyarta, da jaririnta. Ta ajiye wa Malam Shitu goro a tebur. "Har yanzu dai marowaci ne kai," ta ce, ta fita ta zauna a benci.

Wata tsohuwa ta taso za ta bi surukarta ciki. Hajjo ta riƙe mata zane.

"Zauna nan, ƙawata. Ciki na masu kunya ne."

Darasi: Mai magani, kada gajiya ta sa ka saurari mai babbar murya kaɗai; ka nemi wadda ke rainon yaron, ka ba ta wurin da za ta iya magana. Ke kuma 'yar'uwa, kunya ado ce, amma ba a gaban ran ɗanki ba. Ku isar da wannan ga iyaye mata da surukai, wata na can ta yi shiru da abin da ta gani.