Wa Ya Sace Danshin Gonar Dagaci?

Wani dagaci mai son a yaba masa ya sa aka sare sabarar gonarsa, aka kankare baƙin ɓawon nan mai rai da ke rufe ƙasa, wai ƙazanta ne. Da ruwa ya ɗauke kwana goma sai geronsa ya yi yaushi, na maƙwabcinsa Nomau kuwa kore shar.

Dagaci ya zauna kan buzunsa, ya kira Nomau gaban jama'a ya ce, "Kai ka sace mini danshin gona. Ka mayar yau, ko in ƙwace taka."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, zan mayar. Amma sai mai gona ya karɓa da kansa. Ka tuɓe rawani, ka tsaya tsakiyarta daga hantsi har azahar."

Dagaci ya daka masa tsawa: "Ba ka da hankali ne? So kake rana ta busar da ni kamar kilishi?"

Nomau ya ce, "Ashe ma ka san ɓarauniyar! Kai rabin yini ya gagare ka, amma tun bazara ka tuɓe wa gonarka nata rawanin. Tawa tana sanye da nata. In kuma wanda ya buɗe wa ɓarauniya ƙofa ake nema, ranka ya daɗe, ga shi nan zaune kan buzu."